Saniyar Aro a Sheshe

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, Kaka, mun kasa kunne.

To, ku gyara zama. Wannan ba ta dawa ba ce, ta cikin gari ce, nan Sheshe, zamanin yaƙin basasa. Lokacin ina amarya, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da gidan Mardiya, ko tari ta yi ina ji.

Mardiya 'yar Koki ce, 'yar gidan dukawa. Mijinta Hammadu Bafillace ne amma na birni, kakansa ne ya shigo gari ya gina gidan da suke ciki. Masinja ne a wani kamfanin sayen gyaɗa. Da ƙasa ta rikice aka rage ma'aikata, ya yi zaman banza har ya gaji, rannan ya dawo ya ce mata ya ba da sunansa a soja. Aka kwashe su a jirgin ƙasa aka yi kudu da su. Da fari saƙo yana zuwa. Daga baya shiru, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Habiba da ƙaramar, Baraka.

Abin da ya riƙe gidan shi ne hannun Mardiya. Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta daka, ta matse mai da ruwan zafi, tunkuzar da ta rage ta mulmula ta soya. Ita ba ta fita, tana kulle. Wata tsohuwa a lungunmu, 'Yardada dillaliya, ita ke ɗaukar kwalaben man ta kai Kasuwar Kurmi, ta dawo mata da gyaɗar gobe da ɗan hatsin tuwo. Ba wadata ba ce, amma tukunya tana hawa murhu kullum.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai muka ji hayaniya a lungu. Wani dogon dattijo ne da malfa da sanda, yana jan wata 'yar karsana fara sol, ƙahonta bai fi ɗan yatsa ba. Baffa Gidaɗo ke nan, ƙanen mahaifin Hammadu. Shi bai taɓa yarda da birni ba, yana can ƙauyensu da shanunsa.

Aka shimfiɗa masa tabarma, Mardiya ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa.

"Baffa, sannu da hanya. Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, 'yata. Na ji labarin ɗana shiru. Ban iya zama ba. Ga wannan na ɗauro wa gidansa."

Ku tsaya in gaya muku abin da ya ɗauro. Fulani suna da wata al'ada, haɓɓanaye suke ce mata. Idan ɗan'uwa ya karye ba a miƙa masa sadaka, don sadaka tana sunkuyar da kai. Sai a ba shi aron karsana. Ya riƙe ta, ya sha nononta, ta haihu sau uku, 'ya'yan duk nasa ne, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Da haka wanda ba shi da ko akuya yake tashi da garke. Amma ba a sayar da ita, ba a yanka ta, kuma ba a mayar da ita kafin ta haihu. Wanda ya mayar, kamar ya ce ne ba ya son zumuncin.

Al'ada ce mai kyau, ni ban taɓa cewa ba ta da kyau ba. Ta tashi gidaje da yawa a inda ciyawa take kyauta.

Mardiya ta yi godiya har da hawaye. Aka bi da karsanar ta zaure, ta shigifa, ta ɗan siririn lungun da ke karyawa zuwa tsakar gida, ta wuce sumul kamar tunkiya. Aka kafa mata turke a gindin katangar baya.

Da Baffa ya tafi 'Yardada ta leƙo, ta tsaya tana kallon dabbar, hannu a ƙugu.

"To, Gimbiya, sannu da zuwa birni. Mardiya, da me za ki ciyar da ita, da ƙamshin mai?"

"Haba Iya, 'yar wannan me za ta ci?"

"Ni ma da aka haife ni ban fi kwalbar man ki ba. Dube ni yanzu."

Sunan Gimbiya ya bi ta tun daga ranar.

Da damina abin da sauƙi. Akwai mai kiwo da ke tattara dabbobin unguwa da safe ya kai su fili wajen ganuwa, Gimbiya ta bi su na ɗan lokaci. Sai aka sace bijimin wani maƙwabcinmu daga cikin garken da rana tsaka. Nama ya yi tsada a shekarun nan, ana ta sayen shanu ana lodawa a kai wa sojoji. Mardiya ta ji labari. Idan tata ce ta ɓata ai da sauƙi. Ta aro ce, ta dangin miji, mijin kuma ba ya nan. Daga ranar ta ce Gimbiya ba za ta ƙara taka zaure ba, a gabanta za ta zauna.

Sai aka koma sayen ci. Ƙunshin ciyawa da damina, da kaka harawa, da dusa daga wajen masu surfe. Ruwa kuwa rijiyar gidan tana ƙafewa da bazara, sai na ga-ruwa. Abin da 'Yardada ke dawowa da shi daga Kurmi ya zama ana raba shi uku, na gyaɗa, na tuwo, na Gimbiya, kuma na Gimbiya kullum ƙaruwa yake. Gyaɗar da take soyawa ta ragu. Da ta ragu man ya ragu. Da bazara ta yi tsanani harawa ta gagari kowa, Mardiya ta fara gutsura wa Gimbiya tunkuza, wadda da ita ake ƙuli-ƙulin. Dabbar ta ɗanɗana, ta ƙi komawa ga ƙaiƙayi. Ina daga ɗakina ina jin dakan gidan yana gajarta. Da, sai rana ta take sannan taɓarya take yin shiru. Yanzu kafin in gama shara an gama.

Gimbiya kuwa ta yi kyau. Allah ya sani ban taɓa ganin dabba mai kyanta ba. Ta yi tozo, fatarta tana sheƙi, ƙahonin nan suka buɗe suka tanƙwaro sama. Habiba da Baraka suna goge ta da tsumma, suna yi mata hira.

Bayan babbar salla ta biyu Baffa Gidaɗo ya zo duba ta. Tun kafin ya zauna ya wuce wajen turke, yana shafa wuyanta, yana yi mata magana da Fillanci, ita kuma tana lasar hannunsa. Fuskarsa duk ta washe.

"Kai, 'yata, kin fitar da ni kunya. Ana ce mini 'yar birni ba za ta iya ba. Ko a garkena babu mai jikinta."

'Yardada tana wurin, don tun da ta ji ya zo ta shigo da gangan.

"Malam Gidaɗo, tunda tana da kyau haka, me zai hana ka tafi da ita can wajenku, a riƙa yi wa yarinyar nan kiwonta? Nan ko ciyawar sakace sai an saya."

Ya yi dariya. "Hajiya, ai in ta koma garkena ta zama tawa ke nan, ba ta gidan Hammadu ba. A ce gidan ɗana ya kasa riƙe saniya ɗaya?" Ya juya wajen Mardiya. "Ko akwai damuwa, 'yata?"

Ina tsaye a bakin ƙofa na kawo masa ruwa, na ga 'Yardada tana zungurin ta da ƙafa. Yaran suna zaune a gefe, wuyan Baraka kamar na ludayi. Shi bai dube su ba, ba don mugunta ba, su ba sa ƙura wa 'ya'yan ɗansu ido a gaban mutane. Mardiya kuma ta yaya za ta dubi baffan mijinta ta ce kyautarsa ta yi mata nauyi?

"Babu komai, Baffa. Lafiya lau muke."

"Madalla. Idan ta fara nema, a kai ta wajen bijimi. Da ta haihu za ki ga nono, ki ga mai, ki manta wahala."

Ya sa mata albarka ya tafi yana murna. 'Yardada ta bi bayansa da kallo, sannan ta ce, "Lafiya lau. To ki dafa lafiya lau ɗin ki ba su su ci."

Ba a daɗe ba Gimbiya ta fara nema. Ta ƙi ci, tana kuka wuni guda, tana zagaya turke. Mardiya ta yi murna, ta ce wahala ta zo ƙarshe. Aka yi magana da wani mai bijimi a bayan unguwa. 'Yardada ta kama igiya, ni ina kora daga baya, muka nufi shigifa.

Kai ya shiga, ƙaho ya ƙi. Muka karkata kan, ƙaho ɗaya ya wuce, ɗayan ya kafe a jikin bango. Muka ja baya muka sake, ta tsorata, ta yi tsalle, ta kankare laka ta kusa take ni. Ko da ƙahon ya wuce ma, cikinta ba zai iya karya kwanar nan ba. Ƙofar da ta shigo tana 'yar karsana ta yi mata kaɗan. Duk tsawon lokacin nan tana girma a gabanmu, babu wadda ta taɓa tunanin ta dubi ƙofa.

'Yardada ta saki igiya ta zauna a kan turmi tana haki.

"Shi ke nan. Ke kina kulle, ita ma tana kulle. Sai dai a ɗauro wa bijimin tsani."

Babu wadda ta yi dariya.

Aka kira magini ya duba katangar baya, wadda ke fita wani faffaɗan lungu. Ya ce aikin ba wuya, amma shi ba ya fasa katangar mutum ba da izinin maigida ba, ba zai ja wa kansa shari'a ba idan soja ya dawo. Na ce a aika wa Baffa, ai shi uba ne, zai ba da izini. 'Yardada ce ta faɗi abin da ke ran Mardiya.

"A fasa, a kai ta, ta ɗauka. Sai kuma me? Ciki sai ya yi watanninsa, tana ci ninki biyu. Ta haihu, ɗan ma ci zai yi. Haka har sau uku. Ke 'yar nan, gyaɗar da na kawo miki jiya ko rabin ƙwarya ba ta kai ba."

Labari ya kai kunnen Tanko mahauci. Ya zo ya tsaya a zaure, 'Yardada tana kai magana tana kawowa. Ya ce shi ba ya bukatar ƙofa. Zai shigo da wuƙaƙensa ya yanka ta a tsakar gida, ya fitar da ita gunduwa-gunduwa. Abin da zai bayar zai sayi gyaɗa buhu-buhu, har ta ɗauki masu taya ta daka. Idan dattijon ya tambaya, a ce ciwo ne ya kama ta aka yi gaggawar yankawa.

"Ki karɓa," in ji 'Yardada. "Ni zan yi ƙaryar, bakina ya saba."

"Iya, ba tawa ba ce."

"Yaran fa, na wa ne?"

"Ki ce masa ya yi haƙuri. Idan baban su Baraka ya dawo, da wane ido zan dube shi? In ce na sayar da amanar baffansa na ci?"

"Idan ya dawo."

Mardiya ta ɗago ta dube ta. 'Yardada ta kau da kai, ta fita ta sallami Tanko.

Daga nan abin ya gangara. Ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya. Rannan babu gyaɗar soyawa sam, kaskon ya kife a bayan ɗaki. Sai ta koma yi wa mutane surfe, ana biyan ta da dusa da ɗan tsaki, dusar ta Gimbiya, tsakin na yara. Muna miƙa musu abin da muka samu ta kan katanga, amma mu ma lokacin a daddafe muke. Gashin Baraka ya yi ja, ya yi laushi, ƙafafunta suka fara kumbura. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma zama wuri ɗaya.

Wata safiya Mardiya ta jiƙa wa Gimbiya dusa da ɗan gishiri da kanwa a akushi, ta shiga ɗaki ɗauko tsintsiya. Da ta fito sai ta tarar da Baraka a durƙushe a gaban akushin, kanta kusa da na saniyar, tana dumbuza da hannu biyu tana turawa a baki, da sauri, kada a gan ta.

Ba ta yi kuka ba, ba ta daki yarinyar ba. Ta ɗauke ta, ta wanke mata baki, ta goya ta. Sai na ji ta kira sunana ta kan katanga, muryarta a kwance.

"Ki ara mini tulunki da taɓaryarki. Ki kira mini Iya."

Katangar laka ce, ku ba ku san irinta ba. Idan ta sha ruwa laushi take yi. Muka yi ta ɗebo ruwa muna kwarara wa wuri ɗaya, muka bar shi ya tsuma, sannan Mardiya ta ɗaga taɓarya ta fara dukan katangar gidan mijinta. Matan lungu suka ji, suka shigo da nasu. Maza suka taru ta waje suna kallo, wani yana cewa a jira mai unguwa, babu wanda ya hana, babu kuma wanda ya taya. Kafin azahar tubali ya zube, an sami kafar da saniya za ta wuce.

'Yardada ta karkaɗe zanenta. "To, sai gidan mai bijimi?"

"A'a. Gida za ta."

"Kin san abin da hakan yake nufi a wajensu?"

"Na sani."

Ta bar mini Habiba, ta yafa mayafi, Baraka a bayanta. Matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa fita da rana ba, ta ja igiyar saniya ta ratsa Sheshe kowa yana kallo. 'Yardada ta bi ta da sanda. Ta Ƙofar Ruwa suka fita. Sauran labarin daga bakin 'Yardada na ji.

Sai washegari suka isa, don Gimbiya ba ta saba tafiya ba, kofatonta ya yi tsawo a turke, tana yi tana tsayawa. Suka tarar da Baffa Gidaɗo a gindin bishiya da 'yan'uwansa. Da ya hango su ya miƙe. Ya dubi cikin saniyar, ya ga babu komai.

Mardiya ta durƙusa ta ajiye igiyar a gabansa.

"Ta yi miki laifi ne, 'yata?"

"Ba ta yi laifi ba, Baffa."

"Wani nawa ya faɗa miki magana?"

"A'a."

"To mene ne?"

"Ci take yi, Baffa. Mu ma muna so mu ci."

Ta kwance goyon ta sauke Baraka a gabansa, ta janye zanen daga ƙafafun yarinyar. 'Yardada ta gaya mini wannan karon kam ya duba. Ya duba sosai. Amma 'yan'uwansa suna zaune, kuma a gabansu aka dawo masa da haɓɓanaye ba ta haihu ba, abin da ba a taɓa yi wa gidansu ba.

"Da kin faɗa mini," ya ce.

"Ai an faɗa maka," in ji 'Yardada. "Dariya ka yi."

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya miƙa wa na kusa da shi. Ya sa aka kawo musu fura da nono, aka ba Baraka madara mai ɗumi. Da za su tafi aka ɗora musu damin gero a kan jaki har bakin ganuwa. Amma bai ƙara ce mata 'yata ba. Da ta yi masa sallama, cewa ya yi, "Ki gai da mutanen birni."

Geron nan rabi suka ci, rabi 'Yardada ta kai Kurmi ta musanyo gyaɗa. Da shi kaskon ya koma kan wuta, kaɗan-kaɗan. Kafar katangar kuwa zana aka kafa, damina ta zo ta ci gefenta har ɗakin girki ya zube.

Baraka ta tashi, amma ba ta yi tsawo ba, kuma ba ta daina laulayi ba har ta girma. Tana aure a Koki. Habiba ta gaji sana'ar uwarta. Hammadu ya dawo bayan an gama yaƙi da hannu ɗaya, ya gyara katangar, bai taɓa yi wa Mardiya maganar ba, ta faɗa ko ta godiya. Ya je ƙauye ba da haƙuri, Baffa ya karɓi gaisuwarsa, amma har ya rasu bai sake taka Sheshe ba, kuma babu nasa da ya zo bikin yaran. Gimbiya ta haihu a can, ta tara 'ya'ya, an ba wani ɗan'uwansu aron ta ya tashi da garke. 'Yardada ta rasu shekarar da aka yi fari. Mardiya ta tsufa tana matsar mai a gidan nan, a nan ta rasu.